Aikin taki da ƙasar lambu a Legas: kowa ya faɗi abin da ya gani

Mai kula da furanni a Ikoyi:

Assalamu alaikum. Yawancinmu da muke wannan sana'a a Legas, ko masu kula da furanni a gidajen Ikoyi da Lekki, ko masu noman ganye a Ojo da Ikorodu, ko matan da ke shuka alayyafo cikin buhu a bayan ɗaki, tun daga gida muka taso da sanin taki. Sai dai takin da muka saba da shi a Arewa yakan sha rana watanni kafin ya isa gona, na nan kuwa sau da yawa ɗanye ake kawo shi daga mayanka ko gidan kaji, ruwan sama ya yi ta dukansa, kuma ƙasar da ake gauraya shi da ita ba kowa ya san inda aka ɗebo ta ba. Ina roƙon duk wanda wani abu ya taɓa samunsa a wannan aiki, ko ya gani da idonsa, ya ba mu labari.

Nawa labarin na ƙirji ne. Lokacin hunturu na kwance buhunan taki da suka daɗe a sito, sai wata ƙura mai launin toka ta turnuƙe ɗakin, saman takin duk ya yi fari da fumfuna. Da dare zazzaɓi ya rufe ni, tari da haki suka biyo baya. Likitan da ya duba ni, da ya ji sana'ata, ya ce akwai wata fumfuna mai suna Aspergillus wadda ke son ruɓaɓɓen ganye da taki mai ɗumi, kuma ta fi yin ɓarna ga mai asma da wanda ya taɓa yin tarin fuka ya warke, domin cutar kan bar ramuka a huhu, fumfunar ta samu wurin zama. A Ostareliya da New Zealand har gargaɗi ake rubutawa a jikin buhun ƙasar shuka saboda ƙwayar cutar Legionella mai jawo ciwon huhu, wadda ta fi kama tsofaffi da masu shan taba. Yanzu a sarari nake buɗe buhu, in kau da fuska, in yayyafa ruwa kafin in sa shebur, kuma ba na yi sai da takunkumi.

Mai noman ganye a Ojo:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Ɗan wana ne ya zo cin rani, yana taya ni watsa kashin shanu a kunyoyin latas da silifa a ƙafarsa, sai wata guntuwar waya da ke cikin takin ta soke shi a tafin ƙafa. Ramin bai kai ƙwayar gero ba, jini ma kaɗan ya fita, ya ɗaure da ƙyalle ya ci gaba da aiki. Bayan kamar mako guda ya fara cewa muƙamuƙinsa ya riƙe. Da safe na miƙa masa shayi, kofin yana hannunsa amma ya kasa raba haƙoransa, wuyansa ya sandare, daga baya kuma ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai duk jikinsa ya ƙame, bayansa ya lanƙwashe. Wasu maƙwabta suka ce iska ce, a nemo mai ruƙiyya. Wani dattijo da ya taɓa gani ya ce mu yi addu'a muna tafe, amma asibiti za a kai shi yanzu. Can aka ce tetanus ne, cutar sarƙewar haƙora. Ya yi makonni a ɗaki mai duhu da ba a barin hayaniya, kuɗin ganyen shekarar duk ya tafi a magani, amma Allah ya tashi kafaɗunsa.

Ma'aikaciyar jinya a Idi-Araba:

Malam, wannan dattijo ya ceci rai, Allah ya saka masa da alheri. Mutane da yawa suna zaton tsatsa ce ke kawo tetanus, alhali ƙwayar cutar a cikin ƙasa da kashin dabbobi take, tana iya yin shekaru a kwance, ƙusa ko waya hanya kawai suke buɗa mata. Ciwo mai zurfi da ƙaramin baki ya fi wanda ya buɗe haɗari, saboda ƙwayar tana bunƙasa ne a inda iska ba ta shiga. Alamu kan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21. Wanda ƙarfe ko ƙaya ta soka a lambu ya wanke wurin nan take da ruwa mai tsabta da sabulu, kada ya shafa toka ko baƙin mai ko ƙasa, sannan ya tafi cibiyar lafiya a ranar, ko da bai ji zafi ba. A kuma gaya wa yaron cewa warkewa daga cutar ba ta ba shi kariya, sai an yi masa allurar rigakafi.

Abin da na fi gani a wajen aiki kuwa bai da firgitarwa irin wannan, a hankali yake cin mutum. Akwai tsutsar ciki mai ƙugiya wadda 'ya'yanta ke zaune a ƙasa mai danshi da ta gauraya da bayan gida, suna huda fatar ƙafa su shiga jiki, su je hanji su riƙa shan jini. Mai ita yakan fara da ƙaiƙayi tsakanin yatsu, daga baya kasala da jiri, idan ka duba cikin idonsa sai ka ga ya yi fari. Ƙasar Legas ba ta cika bushewa ba, don haka mai aiki ba takalmi a nan ya fi na Katsina ko Sakkwato shiga haɗari. Mata masu juna biyu kuma ina roƙonsu su sa safar hannu in za su taɓa ƙasar da kyanwa ke kashi a ciki, domin akwai cutar toxoplasmosis da uwa ba za ta ji komai ba amma ta taɓa ido ko ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki.

Uwa mai shuka a buhu a Agege:

Sista, na gode da wannan bayani. Ni ba ni da gona, buhuna ne na jera a tsakar gida, na shuka rama da lalo da attaruhu. Wani mai baro ya sayar mini da baƙar ƙasa, ya ce babu irinta wajen shuka, kuma gaskiya ganyen ya yi kyau ƙwarai. Da na zo juya ta sai na riƙa tsintar fasassun kwalabe, da ruɓaɓɓun batura, har da allurar sirinji guda, nan na gane daga bola aka kwaso ta. Autana yana rarrafe a lokacin, komai ya samu baki yake kaiwa. Na tuna da abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 ta hanyar ƙurar da suke wasa a cikinta a gidajensu. Na san can haƙar zinari ne sanadi, amma dalmar da ke cikin batir da tsohon fenti ita ce dai dalmar, kuma ba ta ruɓewa komai daɗewa. Na sa aka kwashe buhunan duka. Yanzu ba na sayen ƙasa sai na tambayi asalinta, na kuma zuba kaɗan a tire na baza na duba.

Direba mai dakon kashin kaji daga Epe:

Hajiya, kin yi daidai. Ni kashin kaji nake ɗauka, wanda aka kwashe tare da garin katako. In aka buɗe tamfol da rana, warin sai ya sa ido hawaye, maƙogwaro ya yi ɗaci. Yaran da ke yin lodi sukan zauna a kan buhunan su ci burodi da hannun da suka yi aiki, kuma ban ƙirga sau nawa gudawa ta kwantar da su ba. Na ajiye jarka da sabulu a bayan kujera, na ce ba mai cin komai a motata sai ya wanke hannu. Tun da murar tsuntsaye ta shigo Najeriya a 2006, in na je gona na ga kaji suna mutuwa da yawa, ba na ɗaukar kashinsu ko kyauta aka ba ni. Maganar safar hannu ce kawai nake da ja a kanta: a zafin Legas hannu yakan jiƙe da gumi a ciki, ta leda kuma kafin a gama mota ɗaya ta yage.

Dattijo mai lambu a Ikorodu:

Ɗana direba, ta leda ba ta aikinku ba ce, ka nemo musu mai kauri irin ta magina, a wanke ta a shanya bayan aiki. Amma ina so matasa su fahimci cewa taki ba abin gudu ba ne, da shi iyayenmu suka ciyar da mu. Ɗanyensa ne matsala, da kuma gaggawar da Legas ta koya mana, a sauke yau a watsa gobe a kan latas da za a ci ɗanye.

Ga yadda nake yi. Nakan tara kashi da busasshen ganye da garin katako hawa-hawa har tsibin ya kai ƙuguna, in jiƙa shi yadda in na matsa a hannu zai dunƙule amma ruwa ba zai zuba ba, in rufe da tamfol saboda damina. Bayan 'yan kwanaki in soka rodi a tsakiya, in bar shi ya jima; idan na zaro ya yi zafin da ba zan iya riƙe shi da daɗewa ba, aiki yana tafiya. Masana sun ce zafin da ya kai digiri 55 na kwanaki a jere yana kashe mafi yawan ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsa. Gefen tsibi ba ya yin wannan zafi, shi ya sa ake juyawa, na waje ya koma ciki. Takin da ya nuna baƙi ne, yana marmashewa, ƙanshinsa na ƙasa ne. Wanda kuma dole ta sa shi amfani da ɗanye, ƙa'idar noman da ba sinadari a Amurka ta ce a bar kwana 120 tsakanin zuba shi da girbin amfanin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Latas da alayyafo ba su kai haka a gona, don haka ɗanyen taki bai dace da su ba ko kaɗan.

Kada a zuba ragowar tuwo ko nama ko kifi a tsibi, ɓeraye za su tare a ciki, kuma ɓera ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa. Inda ɓera ya yi gida maciji ma yakan biyo, saboda haka da manjagara ake fara taɓa tsibi kafin hannu ya kusance shi.

Matashi mai aikin lambu kusa da Mile 12:

Baba, maganar ɓera ta tuna mini da daminar da ruwa ya shanye lambunmu. Mun shiga cikinsa har gwiwa muna kwashe buhunan taki, ƙafafuna kuma duk faso ne. Bayan kwanaki zazzaɓi mai zafi ya kama ni, da ciwon kai, da ciwon sha-raɓa wanda ko taɓawa ba na so a yi, idanuna suka yi ja. Na sha maganin zazzaɓin cizon sauro bai sauka ba, har fitsarina ya canza launi, idon ya koma ɗorawa. Likita ya tambaye ni ko na shiga ruwan ambaliya, ya ce yana zargin leptospirosis, cutar da ke fita a fitsarin ɓera ta shiga ta rauni ko ido ko baki, kuma tana iya taɓa ƙoda da hanta. Da aka sa ni a maganin da ya dace na samu sauƙi. Tun daga nan ba na shiga ruwan da ya kwanta sai da dogon takalmin roba. Ina da tambaya ga Sista: allurar tetanus da muke gani ana yi wa mata masu zuwa awo, namiji zai iya zuwa a yi masa, kuma sau ɗaya ta isa?

Ma'aikaciyar jinya a Idi-Araba:

Ƙanena, namiji ma ana yi masa, kuma mai sana'a irin taku bai kamata ya jira sai ya ji rauni ba. Ka je cibiyar lafiya ta matakin farko da ke unguwarku ka faɗa musu aikinka. Idan ba a taɓa yi maka ba, ko ba ka da tabbas, guda ɗaya ba ta isa ba: za a yi ta farko, ta biyu bayan wata guda, ta uku bayan wata 6, daga nan a riƙa ƙarawa kamar duk shekara 10. Ka ajiye katin a inda ruwa ba zai taɓa shi ba, domin ranar da aka kai mutum da rauni shi ake fara tambaya. Fason ƙafarka kuma a riƙa wanke shi ana shafa mai har ya haɗe, mai ciwon suga a cikinku kuwa ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kowane dare bayan aiki, tunda shi yana iya jin rauni bai sani ba.