Wai da gaske damuwa na fito da ƙuraje a jiki?

Ƴar Zazzau:
Salam jama'a, dan Allah tambaya gare ni. Duk sanda jarabawa ta gabato sai fuskata ta rikice da ƙuraje, ga ƙaiƙayi a gwiwar hannu da bayan wuya, da dare ya fi tsanani wlh har barci nake kasawa, amma ana yin hutu sai ya lafa da kansa. Ƙawata ta ce damuwa ce, ni kuma na kasa gane haɗin tunani da fata.

Maman Afnan:
Ƙanwata ina ga sanyi ne ko borin jini, ki je kemis su ba ki kirim, kwana uku ya baje.

Nas Habibu:
Maman Afnan a yi haƙuri, wannan kirim ɗin ne fa yake ɓata wa mata fata. Yawancinsu akwai clobetasol ko betamethasone a ciki, wato magunguna masu ƙarfi na kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, ƙaiƙayin zai kwanta amma in an daɗe ana shafawa fata ta yi siriri, nankarwa ta fito, ranar da aka daina kuma abin ya dawo da ƙarfinsa. Ƴar Zazzau, ita kuwa ƙawarki tana da gaskiya. In mutum na cikin damuwa jiki na ƙara sakin sinadarin cortisol, maiƙon fuska ya ƙaru ya toshe ƙofofin gashi, fatar kuma ta rage riƙe danshi sai bushewa da ƙaiƙayi, ki sosa ya ƙaru ki kasa barci, rashin barcin ya ƙara damuwar. A 2003 an bibiyi ɗalibai 22 a jami'ar Stanford ta Amurka, ƙurajensu sun ƙaru lokacin jarabawa. Sai dai damuwa ta fi tayar da ciwon da dama yana kwance, don haka ki je likitan fata ya duba, kar ya zama ƙazuwa ko makero ne, su maganinsu daban.

Hajiya Babba:
Ni gashi ne ya zube min bayan rasuwar maigidana, kusan wata uku da rasuwar, ina taje kai yana biyo matajin dam-dam, dangi har sun fara maganar jifa. Likita ya ce tashin hankali ne, ya kuwa tsiro da kansa. Ki dinga shafa man kaɗanya da kin fito wanka ƴata, ki yanke farce.

Ƴar Zazzau:
Allah Ya jiƙansa Hajiya. Na gode Malam Habibu, zan je asibiti ranar Litinin in sha Allah. Sabulun salo fa, in ci gaba da shi ko in ajiye tukunna?