Alhaji na kira ina kan sitiyari, wace na'urar amsa waya zan sa a mota?

Direban Karkada: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Don Allah a yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya hana ni barci. Ni direba ne, ina jan motar wani Alhaji ɗan kasuwa a nan Damagaram. Mahaifina ya yi masa aiki kafin ni. Shi ya biya mini kuɗin koyon mota, shi ya tsaya mini a aurena, ranar sunan ɗana na fari shi ya aiko da rago. Lokacin da tsohuwata ta kwanta asibiti bara, ban roƙe shi ba ya sa hannu a aljihu. Na kawo wannan ne don ku gane ba mutumin da zan ga kiransa in kau da kai ba ne.

Yawanci hanyar Tanut nake bi, wani lokaci Magarya. Alhaji kuwa mutum ne mai son sanin komai a kan lokaci. Ka wuce matatar mai ta SORAZ? Ka tsaya Bakin Birji ka karɓi saƙo. Mai kayan ya sake farashi, kar ka sauke. Haka ake wuni. Makon jiya da magariba ina shigowa gari waya ta yi ƙara, ina lalubenta a aljihun riga, sai ga amalanken jaki ya hawo kwalta ba fitila ba komai. Allah ne ya tsare. Har na isa gida ƙafata na rawa.

Washegari na sayi wannan ɗan abin da ake cusawa a ramin kunna taba, mai haɗuwa da rediyo, jaka 3. Ni ina jin Alhaji, amma shi ya ce muryarsa ce ke dawo masa, sai iska da rurin inji. Jiya ya ce in cire wannan tsiyar in riƙe waya kamar kowa. To me zan saya wanda zai yi aiki da gaske? Ba na son abin da za a yanke wayoyin mota, don motar ba tawa ba ce.

Ɗan Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Wace irin mota ce? Wace waya gare ka? Nawa ka tanada?

Mai gyaran salula, Kasuwar Dole: Ƙanena, araha ba ta ado. Jefar da wannan abin. Kullum sai an kawo mini irinsa a shago ana cewa ya lalace, alhali bai lalace ba, haka aka ƙera shi. Duba inda yake zaune: can ƙasa kusa da giya. Ɗan ramin da ke ɗaukar muryarka yana jikinsa, nesa da bakinka, kusa da inji. Muryar Alhaji kuma tana fita ta lasifikokin ƙofa, ta zagayo ta sake shiga wannan ramin, ta koma masa kunne. Shi ya sa yake jin kansa kamar mai magana cikin rijiya. Don kiɗa da sauraren karatu aka yi su, amsa kira ƙari ne kawai aka manna.

Abin da ya dace da kai shi ne wanda ake maƙalawa a jikin abin tare ranan nan da ke saman kan direba. Yana da lasifikarsa da batirinsa, ba ruwansa da rediyon mota, ba a taɓa waya ko ɗaya. Tsakaninsa da bakinka bai wuce taƙi ɗaya ko biyu ba, nan ne duk sirrin yake. In za ka saya ka duba kwali, ka nemi inda aka rubuta DSP ko CVC, su ne masu rage hayaniya da hana murya dawowa. Ka tabbata maɓallin amsa kira babba ne, wanda yatsa zai same shi ba tare da ido ya bar hanya ba. Ni a iya sanina ba wanda ya kai Jabra, kamfanin ƙasar Denmark. Samfurinsu Freeway lasifika 3 gare shi, batirin na kai awa 14 ana magana, kuma da ka buɗe ƙofa ya ji motsi zai tashi da kansa ya kama wayarka. Tsohon samfuri ne, samunsa sabo sai an bincika, amma shi za ka nema.

Mai taksi, layin Birni: Malam mai gyara, da girmanka, amma ban yarda ba. Irin na ramin tabar nake amfani da shi kuma ba wanda ya taɓa yi mini ƙorafi. Matsalarsa lamba ce. Zangon FM daga 87.5 yake zuwa 108, a cikin gari gidajen rediyo sun cika shi. Ya nemi inda ba tasha, inda shuuu kawai ake ji, ya daidaita abin da rediyon a kan lamba ɗaya. Shi da ke shiga daji ma ai ya fi ni samun wuri.

Mai gyaran salula, Kasuwar Dole: Ɗan'uwa, sake karanta abin da ya rubuta. Ya ce shi yana jin Alhaji, Alhaji ne ba ya jin sa. Lambar FM abin da ke shigowa kunnen direba take gyarawa. Abin da ke tafiya wurin mai kira ta Bluetooth yake bi zuwa waya, ko ka zagaye zangon nan kaf ba zai sauya ba. Kai cikin gari kake rarrafawa daga wannan kwana zuwa waccan, shi yana sheƙa gudu a hanyar Agadas. Ba ɗaya ba ne.

Direban Karkada: Na gode Malam. Amma ni ban ga laifin sayen na farkon ba, mai shagon ya gwada mini a gabana ya yi tas, kuma abin da ke aljihuna ke nan ranar. Na manta ban faɗa ba, sanyin motar ba ya aiki, gilashi a buɗe nake tafiya. Wayoyina kuma biyu ne, babba da ƙarama mai madannai. A ƙaramar Alhaji yake kira, don ta fi riƙe caji.

Mai gyaran salula, Kasuwar Dole: To ai da wannan ya kamata ka fara! Gilashi a buɗe ana gudun 90, ba na'urar da za ta tace wannan iskar gaba ɗaya. In kira ya shigo ka ɗaga gilashin ɓangarenka. Batun waya biyu, ka nemi mai kama waya biyu a lokaci guda, ana rubutawa a kwali. Sai dai ƙananan wayoyin nan, wasu Bluetooth ɗinsu ba ya jituwa da kowace na'ura, ka je da ita a gwada. Kuma ba a tsaye cikin shago ba. A shago komai tas yake. Ka tada inji, ka kira wani, shi za ka tambaya me yake ji.

Maman Ƴan Biyu, ma'aikaciyar jinya: Ɗana, ni ba zan ba ka sunan na'ura ba. Mu ne muke karɓar waɗanda ake kwasowa daga kan kwalta, abin da idona ya gani ba zai rubutu a nan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direban da ke amfani da waya ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari kusan sau 4, kuma ta ce wadda ba a riƙewa a hannu ba ta fi ta hannun aminci da wani abin kirki ba. Hannu yana kan sitiyari amma hankali yana wurin lissafin buhuna. A gudun kilomita 90 a awa, mota tana cin mita 25 kowace daƙiƙa. Ka lissafa daƙiƙa 4. Ƙanen maigidana haka ya tafi ya bar mata da yara uku, kuma har yau wanda ya buge shi bai tako gidan ya yi gaisuwa ba, sai aike. Yaran ni ke biya musu kuɗin makaranta. Ka faɗa wa Alhajinka gaskiya, in ka ga kira za ka sauka gefe ka kira shi.

Ɗan kabu-kabu, Garin Malam: Allah ya saka da alheri Mama, Allah ya jiƙansa. Mu ne abin takawarsu. Shekaran jiya wata babbar mota ta matse ni har na faɗa rairayi da fasinja, mai motar waya a kunne ko waiwaye bai yi ba. Amma in an tashi zagi, ƴan kabu-kabu ake zagi, mu ne marasa tarbiyya. Madubi na sake, kuɗin wuni ya tafi.

Direban Karkada: Mama, Allah ya jiƙan mamaci, ya raya abin da ya bari. Maganarki gaskiya ce amma ba ki san aikin ba. In na ce kowane kira sai na tsaya, ba zan isa Tanut da rana ba. Akwai wuraren da ba ka son tsayawa kai kaɗai da kaya a bayan mota. Ga rezo, wato sabis ɗin waya, yana zuwa yana ɗaukewa, in ka bari ka wuce inda yake sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka sake samu. Kuma ta yaya zan dubi mutumin da ya girmi ubana in ce masa ya jira ni? Ni mafita na zo nema, ba barin aiki ba.

Tsohon direban Agadas: Yaro, ban san ka ba amma na san irin hanyar da kake bi. Na yi shekaru ina jan babbar mota tsakanin Zinder da Agadas tun ba salula, kuma kaya suna isa, masu kaya ba su mutu ba. Wanda ya yanka wa ɗanka rago ba zai so a kawo masa gawarka ba. Ba kai za ka faɗa masa ba, ka samu wani dattijo da yake jin nauyinsa. Yaran yanzu ba ku san amfanin aike ba. Nawa ɗan ma haka yake, ina magana yana latsa waya, ko abinci ake ci.

Ɗan Zango: Wani abu da ba wanda ya taɓo: zafi. Na saman kan nan batiri gare shi, kuma yana manne da rufin mota. Watan Afrilu da Mayu a garin nan zafi yana haura 40, cikin motar da aka rufe a rana ya fi haka nesa. Nawa bai yi shekara ba ya kumbura har murfin ya buɗe. Na ramin taba ba shi da batiri, wutar mota yake sha. Ni dai abin kunne guda ɗaya na koma, kunne ɗaya a buɗe, magana ta ƙare.

Mai gyaran salula, Kasuwar Dole: Jabu ka saya. Kuma ko na gaske ne, wa ya ce a bar batirin lithium a mota a rana? In ka ajiye mota ka zare shi ka sa a aljihu, maƙalawa kawai ake yi. Abin kunne kuwa kar ka kai yaron nan ga wahala. Faransa ta hana direbobi sa shi tun watan Yulin 2015, saboda yana toshe ƙarar oda da abin da ke tahowa ta gefe. Ga gumi, ga faɗuwa ƙarƙashin kujera, ka sunkuya nema ka koma gidan jiya.

Ɗan Zango: Nan ba Faransa ba ce Malam. Kai kuma komai aka kawo sai ka ce jabu ne, in ba a shagonka aka saya ba.

Direban Karkada: Don Allah kar a yi faɗa saboda ni. Amma maganar abin kunne ta tuna mini wani abu. Ba ni kaɗai nake tafiya ba, akwai yaron mota, kuma nakan rage wa mutane hanya. Alhaji kuwa yakan faɗi nawa zan karɓa da wurin wa. In murya tana fita a lasifika ai kowa ya ji. Na ramin tabar ma haka ya yi mini ranar farko, ya ambaci kuɗi mutum biyu na zaune a baya.

Ɗan Sabon Gari: To ka ga ni. Tun farko na tambaye ka bayani ba ka amsa ba. Har yanzu ba mu san motar ba.

Maman Ƴan Biyu, ma'aikaciyar jinya: Wannan kaɗai ya ishe ka hujjar da za ka kai wa Alhaji. Ka ce maganar kuɗi sai kana tsaye, kai kaɗai.

Mai gyaran salula, Kasuwar Dole: Ba matsala ba ce. Da ka amsa ka ce "Alhaji, muna tare da jama'a", ya gane. Ka daina ɗaukar fasinja a motar mutane kuma. Ka zo ranar Alhamis da wayoyin duka biyu da motar, a gwada a gabanka.

Direban Karkada: Ba fasinja ba ne, taimako ne, kuma Alhaji ya sani. Alhamis ina Magarya. Har yanzu dai ba wanda ya faɗa mini kuɗin Jabra ɗin nan. Akwai mai shiga Kano cikin makon nan ya duba mini? In ya haura jaka 15 sai dai in haƙura da wanda nake da shi, in gwada shawarar mai taksi.

Mai gyaran salula, Kasuwar Dole: Kar ka yi aike, abin da ba ka gwada da ƙaramar wayarka ba kar ka ba da kuɗinka. Shawarar mai taksi kuma na riga na gaya maka ba za ta gyara komai ba.

Ɗan kabu-kabu, Garin Malam: Malam mai gyara, akwai irin wanda ake sawa cikin hular kwano? Nawa yake?