Kafin ka sayi tsohon riyal a Omdurman

Da yamma a kasuwar Omdurman ta ƙasar Sudan, wani yaro ya kawo riyal na zamanin Halifa Abdullahi, magajin Mahadin Sudan, dattawanmu suka yi ta juya shi a tafin hannu.

Shawarar da ta fi yawa: kada a goge shi da toka, darajarsa ke zubewa. Na gaskiya bugawa aka yi, a sa azurfa tsakanin hatimi biyu a doka. Na jabu zubi ne, za ka ga ƙananan ramuka. Jan da ke jikinsa kuwa ba aibi ba ne, Halifa ya riƙa ƙara tagulla, ya sa aka rubuta "maƙbul", wato karɓaɓɓe. Umarni ne, ba roƙo ba.

Wani Alhaji ya ce kada shekarar 1780 da ke kan wani riyal daban, mai hoton Mariya Tereza, sarauniyar Austriya, ta ruɗe mu, an daɗe ana sake buga shi da wannan shekarar.