Jarrabawar ɗaukar masu zanen gini a ma'aikatar ayyuka, ta ina zan fara karatu?

Ɗan Kurna:
Salam 'yan uwa. Hukumar ɗaukar ma'aikata ta jiharmu ta fitar da sunaye, nawa ya fito a gurbin mai zanen gini a ma'aikatar ayyuka, ance jarrabawar a kwamfuta za'a yi sannan intabiyu. Ina da ND a sibil injiniyarin, amma tunda na gama AutoCAD, manhajar zane a kwamfuta, kawai nake taɓawa a ofishin wani akitek, littafi kam na jima ban buɗe ba. Dan Allah waɗanda suka taɓa yi, me zan fi maida hankali akai? Aikin nan ina sonshi sosai wlh, iyali sun ƙaru.

Tsohon Ma'aikaci:
Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka. Ka aje AutoCAD gefe tukuna, a jarrabawar zaɓi-ɗaya ba wanda zai ce ka ja layi, abinda ke cikin kanka za'a tambaya, kuma masu aiki da kwamfuta kullum anan suke zubewa saboda ita ke musu lissafin. Fara da sikeli, wato yadda ake rage girman gini ya shiga takarda, har sai ya zame maka jiki. Bango mai mita 4.5, a 1:100 milimita 45 ne akan takarda, a 1:50 kuma 90, ka iya juya shi gaba da baya ba tare da kalkuleta ba. Ka riƙe girman takardu a milimita, A1 594 da 841, A3 297 da 420. Sai layuka, wanne ne na abinda ya ɓuya, wanne ne na tsakiya, da bambancin fes angul da tad angul (hanyoyi biyu na jera fuskokin abu a zane), da digiri 30 na aisometirik (zanen da ke nuna fuska uku lokaci ɗaya). Wannan duk karatun shekarar farko ne na poli, ka nemo tsohon hand'aut ɗinka.

Kar ka raina lebul kuma, wato awon tudu da kwarin ƙasa, in benci mak (wurin da aka riga aka san tsayinsa) mita 100.000 ne, bak sait (awon da aka ɗauka akan benci mak ɗin) 1.250, fo sait (awon sabon wurin) 0.850, to sabon lebul 100.400 kenan, ka yi irinsu da yawa da hannu ta hanyoyin biyu, ta tsayin na'ura da ta hawa da sauka.

Maman Hanif:
Na yarda da Baba Tsohon Ma'aikaci amma ni zan ƙara ɓangaren sait, wato wurin gini, don a intabiyu suna iya miƙo maka zanen bim ko dekin suce karanta, to in kaga 4Y16 kasan rodi huɗu ne masu milimita 16, kasan kwaɓin 1:2:4 siminti ne da yashi da tsakuwa, buhun siminti kilo 50, bulo inci tara milimita 225 inci shida 150, kuma kusan bulo 10 ke cin sukwaya mita ɗaya. Ka tafi da zanenka biyu ko uku a firinte, da filan (kallon sama) da sekshan (yankan ciki) da elebeshan (kallon fuska), wanda kai ka zana da kanka kuma zaka iya kare kowane layi a ciki.

Abban Sadiya:
Turanci da lissafi da al'amuran yau da kullum fa kar ka barsu, ƙananan hukumomi 774, komawa Abuja 1991, irin waɗannan, ka ɗan leƙa dokokin aikin gwamnati ma. Kuma duk wanda ya kira ka yace turo kuɗi a saka sunanka ɗan damfara ne.

Ɗan Kurna:
Nagode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba in na yi lissafin lebul ɗin zan turo ka duba min, ta hawa da sauka ce take ɗan rikita ni.