Wane suna za mu ba wa zaren ƙarfen nan mai rami a ciki?

1/ Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ranar Juma'a na taso daga Suwal, wani gari kusa da Jidda, na je gaida kawuna a Shara Mansur, nan Makka. Ya tambaye ni me muke yi a ɗakin gwaji, na ce "nanofaiba". Ya dube ni ya ce, "Ɗana, faɗa min da Hausa." Na yi ta kame-kame. Abin bai bar raina ba har yau.

2/ Ga aikin. Ana narkar da polima, dangin roba, a zuba a sirinji, a haɗa allurar da lantarki mai ƙarfin kilobolt 10 zuwa 20. Lantarkin ne ke fizgo ruwan ya miƙe ya zama zare, ya bushe tun kafin ya sauka. Kaurinsa bai wuce nanomita ɗaruruwa ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), alhali silin gashin mutum ya kai kimanin nanomita 70,000. Sai a lulluɓe shi da ƙarfe, ko dai ta hanyar turara masa tururin ƙarfen, ko a tsoma shi a ruwan magani nikel ko tagulla su kwanta a jikinsa. Daga nan a ƙone polimar ko a narkar da ita. Ƙarfen kaɗai ke saura, cikinsa fayau. Masana a Jami'ar Marburg ta Jamus sun wallafa wannan dabara a 2000.

3/ Larabawan da muke aiki tare suna cewa "alyaf mujawwafa". Mu fa?

4/ Wani ɗan'uwa ya kawo "waya". Ban karɓa ba, domin waya cikinta a cike yake, kuma ramin nan shi ne amfanin abin: ga rashin nauyi, ga fili ciki da waje inda sinadarai za su taɓa ƙarfen. "Bututu" shi kaɗai kuma sai mutum ya hango na famfo.

5/ Ni na fi karkata ga "silin bututu". Sili ya ɗauki siranta, bututu ya ɗauki ramin. In ana son bambancewa sai a ce silin bututu na nikel, ko na zinariya.

6/ Sunan polimar da ake cirewa kuwa, Kawu ne ya warware min shi. Da na gama bayani ya yi shiru, can ya ce, "Ai totuwa ke nan." Duk wanda ya taɓa fafe karan dawa yana yaro ya san ta: tana ciki, ita ta riƙe siffar karan, a ƙwaƙule ta a bar ɓawon. Wallahi ban ji kalmar da ta zauna daram kamar wannan ba. "Mazubi" da na fara tunani bai yi ba, shi daga waje yake riƙe abu, wannan kuwa daga ciki.

7/ To ni dai na tsaya a nan: ana yin silin bututu ne a kan totuwar polima. Malamanmu na Hausa da maƙera, ina jiran gyaranku, musamman a kan "sili", ko Sakkwatawa da mutanen Damagaram suna da wadda ta fi ta.