Shin Biyan Kuɗi don Tsarin Rage Ƙiba Asara Ce? Muhawarar Ƴan Gida Ɗaya Tsakanin Yamai da Tahoua

Uwar Biyu, daga Yamai: Assalamu alaikum, ƴan uwa. Ina neman shawararku kafin in saki kuɗina. A watan jiya na je likita saboda ciwon kai da ya ƙi barina, aka tarar tansiyona ya hau, kuma da na hau sikeli sai ya nuna kilo 92, alhali tsawona bai wuce mita 1 da santimita 64 ba. Lokotoro ya yi lissafin da suke kira IMC, wato a raba nauyin mutum da tsawonsa sau tsawonsa, ya ce nawa ya kai 34, kuma daga 30 zuwa sama ƙiba ta zama abin da ake nema wa magani. Akwai wata cibiya kusa da wurin aikina da ke da tsarin wata 3 a kan jaka 35 kowane wata. A ciki akwai takardar abin da za a ci safe da rana da dare, da motsa jiki sau 3 a mako a ɗakin mata zalla, da awo duk ranar Asabar, sai kuma wani gari da ake damawa a sha a madadin abincin dare, wanda kuɗinsa daban ne. A takardar tallarsu sun rubuta cewa ana iya zubar da kilo 20. In shiga ko in bari?

Yaya Babba: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ki lafiya, ƙanwata, amma ni zan faɗi abin da ke raina ba tare da kwana-kwana ba: duk wani tsarin rage ƙiba da ake biya, cin kuɗin mutane ne kawai. Babu abin da za su gaya miki wanda kakarmu ba ta sani ba, wato ki rage loma, ki ƙara tafiya. Jaka 35 sau 3 ya kama jaka 105, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jaka 42 tun daga farkon 2024. Ki fita bayan sallar asuba ki ga yadda maza da mata ke zagaye a kewayen filin wasa na Seyni Kountché, wasu kuma suna tsallaka gadar Kennedy zuwa Harobanda su dawo, babu wanda ya karɓi ko dala a hannunsu.

Auta: Yaya, Allah ya ƙara girma, na yarda da rabin maganarka, amma kalmar "duk" ta yi nauyi. Gaskiya ne babu wani sirri a cikin takardarsu. Sai dai a shekarun da na yi ina aikin jinya ban taɓa ganin mai ƙiba da bai san ya kamata ya rage ci ba. Abin da na fi gani shi ne mutum ya fara ranar Litinin da zafinsa, kafin mako na uku ya koma gidan jiya, domin babu wanda zai tambaye shi ina aka kwana. An ma gwada wannan a kimiyyance. A 2011 mujallar likitanci ta The Lancet ta wallafa wani bincike da aka yi a Birtaniya da Jamus da Ostireliya a kan mutum 772, inda aka raba su gida biyu: wasu aka tura su tarukan mako-mako na kamfanin rage ƙiba na Weight Watchers, wasu aka bar su da shawarar da likitocinsu suka saba bayarwa. Bayan shekara ɗaya, ƴan tarukan sun rage kimanin kilo 5, ɗaya ɓangaren kuma kimanin kilo 2. Shi kansa kamfanin, wata mata ce mai suna Jean Nidetch ta kafa shi a New York a 1963, kuma asalinsa ƙawaye ne da take tarawa a gidanta kowane mako su faɗa wa juna gaskiyar abin da suka ci. Zaman nan da awon nan su ne hajar, takardar abinci kuwa rakiya ce.

Yaya Babba: To, Auta, ki amsa min tambaya ɗaya: wa ya biya kuɗin binciken? Sannan ki duba abin da kika kawo da bakinki. Tazarar ba ta kai kilo 3 cikakku ba a shekara guda, ita kuwa wannan cibiya kilo 20 take alkawari a wata 3. Kuma idan har hajar tana da kyau haka, me ya sa kamfanin da kike yabo ya shigar da takardar karayar arziki a Amurka a 2025, bayan da kamfanin Jenny Craig, takwaransa, ya rufe shagunansa a can a 2023?

Auta: Kamfanin ne ya bayar da kuɗin, ba zan ɓoye ba, ko da yake masu bincike na jami'o'i da na hukumar binciken lafiya ta Birtaniya ne suka gudanar da aikin. Karayar kuwa tana da nasaba da tarin bashi da kuma yadda masu kuɗi a can suka koma ga allurar rage ƙiba, saboda haka ba ta nuna ko zaman mako-mako yana aiki ko ba ya yi. A kan kilo 20 kam ina bayanka ɗari bisa ɗari. Abin da ake ɗauka lafiyayye shi ne rabin kilo zuwa kilo 1 a mako, wato a wata 3 ba a sa ran wuce kilo 13 ko ga wanda komai ya tafi masa daidai, kuma yawancin mutane ba sa kaiwa can. Amma kada ka rena kilo 5. A wani babban bincike da aka yi a Amurka, wanda sakamakonsa ya fito a 2002, an ɗauki mutum sama da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon suga, aka sa wa wasunsu burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako, tare da mai bibiyarsu ɗaya bayan ɗaya. Kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin ɗari a cikinsu, alhali ga waɗanda aka ba ƙwayar maganin suga ta metformin kashi 31 ta ragu. Kashi 7 na nauyin Yaya Uwar Biyu bai kai kilo 7 ba.

Kawu, daga Tahoua: Ƴaƴana, ku bari in sa baki, tun da ni ciwon sugar ya riga ya kama ni. Lokacin da aka gaya min, sau uku ina fara tafiyar safe ni kaɗai, sau uku ina dainawa. Yau in ce sanyin hunturu, gobe in ce ƙura, jibi in ce gwiwa. Abin da ya sa na ɗore shi ne wani abokina da muka yi ritaya tare daga koyarwa, wanda kullum in an sallame asuba sai ya tsaya a bakin ƙofar masallaci riƙe da takalmana, ba ya ba ni sai na yarda mun kama hanya. Kunyarsa ce ta yi min aiki, kuma ban biya shi komai ba. Ga Babba hujja ke nan, amma ga Auta ma hujja ce, domin da babu mai riƙe takalmin da ban je ko'ina ba. Wanda Allah bai ba shi irin wannan aboki ba, ban ga laifinsa ba idan ya sayi wanda zai riƙe masa. Abin da kawai zan ƙara shi ne shayi. Na taɓa zama na ƙirga ƙwayoyin sukarin da yaro ke jefawa a buta daga na farko zuwa na uku, na ga abin da ya tayar min da hankali, alhali hukumar lafiya ta duniya, OMS, tana cewa kada babba ya wuce kimanin giram 50 a yini, har da wanda ke cikin lemun kwalba da zoɓo. Duk tsarin da bai tambaye ki shayi nawa kike sha a ofis ba, bai san Nijar ba.

Gwaggo: Ni dai abin da nake tsoro shi ne bakin mutane. Mace ta haifi tagwaye, ta yi jego, jikinta ya murje, sai kuma a gan ta tana zubewa? Za a ce mijinta ya gaza ko kuwa wata cuta ce take ɓoyewa.

Auta: Gwaggo, Allah ya ja kwana, bakin mutanen nan shi ne ya jefa ƴan mata da yawa shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasunsu, irin su dexamethasone, suke kumbura fuska su kuma tayar da suga da hawan jini. Yaya Uwar Biyu ba rama take nema ba. Ko ta zubar da kilo 8 tana nan da jikinta, tansiyon ne muke so ya sauka.

Matar Yaya: Na so in yi shiru, amma tun da maigida bai faɗi inda fushinsa ya samo asali ba, bari in faɗa, domin kuɗinsa ne suka tafi. Shekara biyu da suka wuce na shiga irin wannan tsari a wata cibiya a nan Yamai. Takardar rejim ɗin da aka ba ni, da ganinta ka san daga wata ƙasa aka kwafo ta: tuffa da safe, ƙirjin kaza gasasshe da rana, ganyen salati da kifin gwangwani da dare. Babu gero, babu wake, babu zogale. Sai na koma ɗora tukunya biyu, ta gida da tawa, ina zaune a gefe da ɗan faranti ina kallon yara suna cin dambu, ƙamshin man da soyayyar albasa yana dukan hancina. Na zubar da kilo 9 a wata 3. Ranar da kuɗina suka ƙare, ranar aka daina kirana. Babbar Sallah ta zo, bukukuwa suka biyo baya, kafin shekara ta zagayo kilo 7 sun dawo. Duk da haka ba zan ce ban ƙaru da komai ba. A can na koyi auna mai da cokali maimakon in tuntsura kwalba a tukunya, a can kuma na saba da zuba abincina a ƙaramin kwano kafin a kai babban tire tsakar gida, kuma har yau ina yi. Kilo 2 da suka rage ban mayar ba, na waɗannan ne.

Yaya Babba: Kun ji da kunnenku. Sama da jaka ɗari a kan kilo 2 da ƙaramin kwano.

Auta: Abin da na ji ni, Yaya, shi ne tsarin da aka gina a kan abincin da ba na gidan ba, wanda kuma bai tanadi komai ba don ranar da aka gama. Wannan aibin wannan tsarin ne, kuma ana iya gane shi tun kafin a biya. A 2005 an wallafa a mujallar likitanci ta JAMA gwajin da aka yi wa mutum 160 a kan shahararrun tsare-tsaren abinci guda huɗu, aka tarar bambancin da ke tsakaninsu kaɗan ne. Wanda ya iya jurewa a kan nasa, ko wanne ne, shi ya fi raguwa, kuma da yawa sun watsar kafin shekara. Saboda haka, Yaya Uwar Biyu, idan kin koma ki ce su rubuta miki mako ɗaya da tuwon gero da miyar kuka, da shinkafa da wake, da kwaɗon zogale, da fura ba sukari, su nuna miki adadin da za ki ɗiba daga tukunyar da kowa ke ci. Idan suka kasa, ba su da abin sayar miki. Ki tambayi wanda ya rubuta takardar inda ya yi karatun abinci mai gina jiki, ki gaya musu kina da hawan jini ki ga ko za su nemi takardar lokotoronki kafin su sa ki tsalle-tsalle, musamman da yake watan Afrilu na tafe da zafin da ke haura digiri 40. Ki tambaye su kuma me ke faruwa a wata na huɗu, da yadda suke yi da azumi.

Garin damawar nan kuwa shi ya fi damuna. Idan babu cikakken bayanin abin da ke ciki a jikin gwangwanin, kada ki kai shi baki. An sha kama shayi da garin rage ƙiba a ƙasashe daban-daban da aka cusa wa sibutramine a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma mai hawan jini shi ne na farko da zai cutar. Haka nan idan suka yi miki tayin allurar rage ƙiba a ɓoye, ki sani OMS ta yi gargaɗi a 2024 a kan jabun allurar Ozempic, wadda ake yi don ciwon suga da rage ƙiba, da aka gano a wasu ƙasashe.

Uwar Biyu: Na gode muku duka. Na koma cibiyar jiya da yamma da tambayoyin Auta a rubuce. Matar da ke kula da abinci ta zauna da ni, ta kuma yarda ta sake takardar da abincin gidanmu, har ta tambaye ni da wane ludayi nake kwasar tuwo. Da na tambayi kilo 20, sai ta yi murmushi ta ce masu talla ne suka rubuta, ita kilo 6 zuwa 8 take sa min rai. Garin sun ce ba dole ba ne, na ce a bar shi. Inda muka saɓa shi ne sun so in biya wata 3 a dunƙule, ni kuma na ce wata-wata, kuma a kan wata na huɗu ba su da wata amsa sai dai in sake biya. Sun ce in dawo Asabar su gaya min ko shugabarsu ta amince.

Yaya Babba: Ina nan a kan bakana. Ki ba ni wata ɗaya kafin ki biya su, ni zan riƙa zuwa ɗaukarki bayan asuba mu je filin wasa, uwargida kuma ta nuna miki maganar cokali da kwano, Auta ta riƙa auna ki. Idan ba ki rage kilo 2 ba, ni zan biya watan farko.

Uwar Biyu: Yaya, bara ma haka ka ce, kwana huɗu muka yi ka tafi Maraɗi ɗaurin aure, ba mu sake fita ba. Amma na karɓa, da sharaɗin ka damƙa wa Auta jaka 35 ɗin tun yau ta ajiye. Asabar zan je in ji amsarsu, Litinin kuma ina jiranka a ƙofar gida ƙarfe shida saura kwata.