Janaretan tarakta ko na girke: wanne zan saya?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata biyu ke nan ina juya wannan magana, na kasa yanke shawara.

Gidana yana bakin gonata ne, a wajen gari. In aka ɗauke wuta sai mu kwana uku ba famfon burtsatse, firiza ta narke. Ina da tarakta Massey Ferguson 375, wadda daga an gama girbi sai zaman banza har damina.

Wani makaniki ya ce in sayi kan janareta mai 15 kVA wanda sandar bayan tarakta, wato PTO, ke juyawa. Ya fi araha nesa ba kusa ba, tunda ba inji zan saya ba. Amma fa sai sandar ta tsaya cak a juyi 540 a minti, in ta yi sama ko ƙasa wutar ta kauce daga 50 Hz, wato ma'aunin bugun wutar da kayan gida ke aiki da shi, kayan gida su sha wahala. Ga man gas: injin mai ƙarfin doki wajen 75 yana ruri don firiza da famfo kawai, anya ba asara ba ce?

Abin da ya fi damuna shi ne damina. Tarakta tana gona, ni ma ina can. Uwargida ba za ta iya haɗa ta ba, ni kuma ba na son yara kusa da sandar nan, in ta kama riga shi ke nan.

Na girke kuwa, wato janareta mai injinsa da ake kafawa wuri guda, akwai mai tashi da kansa in an ɗauke wuta, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihuna bana.

Don Allah wanda ya taɓa amfani da na tarakta, lita nawa yake sha a awa? Kuma 15 kVA zai tayar da famfo mai doki biyu ba tare da firiza ta mutu ba?